Kwalin tarkon waya na 'yan koyo don kama koyoti: na saya, na gwada, ga abin da na gani

Wannan bayani ne kan kwalin tarkon waya da shagunan kayan tarko na intanet ke haɗa wa masu fara koyon kama koyoti a nan Amurka, irin wanda za su ce maka komai da komai na ciki, kai dai ka buɗe ka nufi daji. Na yi odarsa, na yi aiki da shi tsawon sanyin da ya wuce a wata gonar tumaki a jihar Pensilbeniya, kuma tun yanzu bari in faɗi matsayata kar in ja ku da nisa. Wayar da makullin masu kyau ne sosai, turakun ba su da wani amfani da zarar ƙasa ta canza, takardar bayanin da suka saka a ciki kuwa ita ce ta fi ɓata min rai don ta tsallake abin da ɗan koyo ya fi buƙata. In maki ne zan ba shi uku cikin biyar. Sunan shagon ba shi ne abin dubawa ba, kusan duk haɗi ɗaya suke yi, abin da ke cikin kwalin shi za ka duba.

Ga wanda bai san dabbar ba, koyoti ɗan uwan dila ne da kyarkeci, ya fi dila jiki amma bai kai kyarkeci ba. Asalinsa yammaci da tsakiyar nahiyar ne, amma yanzu babu jihar da babu shi in ban da Hawayi, har cikin manyan birane irin su Shikago yana nan yana yawonsa da dare. Na gabas irin namu sun fi na yamma girma saboda sun gauraya da kyarkeci lokacin da suke shigowa ta Kanada, babban namiji yakan kai kilo 18 ko 20. Kuma shi ne kan gaba wajen kashe tumaki a ƙasar nan, alƙaluman ma'aikatar gona sun sha nuna haka, shi ya sa duk mai 'yan raguna a fili in ya ji kukansu da magariba hankalinsa ba ya kwanciya.

Abin da na tarar a kwalin: wayoyi dozin ɗaya haɗaɗɗu, kaurin kowace 3/32 na inci, irin saƙar da suke kira 7x7, wato sili bakwai kowane sili kuma an murɗa shi da ƙananan waya bakwai. Kowace tana da makullinta, da birki biyu, wato 'yan ƙarafa masu tsayar da makullin, da aka matse a jikin wayar, da 'yar ƙugiya mai ɓallewa, da majuyi a ƙarshe da wani a tsakiya, da 'yar roba da ake zura wayar tallafi a ciki. Sai wayoyin tallafin su ma dozin, masu kauri lamba 9, sai turakun rodi, sai 'yan farantan tagulla na rubuta suna, sai takarda mai shafi huɗu. Da kuɗin kawowa ya tasam ma dala 80. Ba tsada gaskiya, in ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ba za ka samu ragin kirki ba, ga wahalar matse birki da kanka wanda ɗan koyo ba lallai ya yi daidai ba.

Makullin nan shi ne zuciyar abin, kuma a kansa nake so in daɗe don mutane da yawa suna ɗauka duk zargen waya ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Akwai mai kisa akwai mai riƙewa. Mai kisa makullinsa gaba kawai yake zuwa, ba ya komawa, duk jan da dabba ta yi sai ya ƙara shaƙe ta, wasu ma har sifirin ake saka masa don ya gama da ita da wuri, shi ake amfani da shi a wurare irin su Dakota da Montana da yammacin Kanada inda fili ke da faɗi gidaje kuma nesa da juna. Na cikin kwalin nan mai riƙewa ne. Makullinsa wata washa ce, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda, da aka lanƙwasa ta baya, in dabba ta ja sai ya matse, in ta daina ja sai ya saki kaɗan ta samu numfashi. Na gwada a damtsena tun kafin in fita da shi, ka ja ka ji ya kama, ka saki ka ji ya sassauta, ba ya cijewa ba ya maƙalewa, kuma duk goma sha biyun haka suke babu wanda ya fita daban. A nan kam na yaba musu.

Birki biyun ma kowane da aikinsa. Na farko yana hana zargen buɗewa ya wuce inci 12 a faɗi, don kar barewa ko ɗan maraƙi ya zura kai. Na biyun yana hana shi rufewa gaba ɗaya, yana tsayawa a wajen inci biyu da rabi, saboda in barewa ta taka ciki ƙafarta ta zame ta fita. Ita kuma ƙugiyar an auna ƙarfinta ne, koyoti ba zai iya buɗe ta ba amma in babbar dabba ce ta fizga da ƙarfi sai ta miƙe zargen ya warware dabbar ta tafi ba tare da waya a wuya ba. Na ga amfanin wannan da idona, wata safiya na tarar da ɗaya a miƙe a ƙasa ƙugiyar ta buɗe, ga sawun barewa ya shigo ya yi 'yar turza ya wuce abinsa, babu jini babu gashi. Da irin wayar da mutum ke ƙullawa da hannu ce da sai dai in tarar da gawa.

To matsalar takardar. Shafi huɗu, hotuna masu kyau, sun nuna yadda za ka rataya zargen, amma maganar doka layi ɗaya tak a can ƙasa da ƙananan haruffa wai ka duba dokar jiharka. Wallahi wannan bai isa ba, domin a ƙasar nan abin da ya halatta a wannan jihar laifi ne a ta kusa da ita. A Pensilbeniya sai kana da lasisin kama dabbobin gashi, kuma bayan kos ɗin farko na mafarauta da masu tarko akwai wani kos na musamman na tarkon waya da sai ka yi ka samu satifiket kafin ka kafa ko guda. Lokacinsa ma a ƙayyade yake, daga 26 ga Disamba zuwa wajen tsakiyar Fabrairu, ba kamar sauran tarkuna da ake buɗewa tun Oktoba ba. Wayar kar ta wuce ƙafa 7, zagayen zargen kar ya wuce inci 38 kar kuma ya rufe ƙasa da inci 8, ƙugiyar ta ɓalle a laba 375 ko ƙasa da haka, kusan kilo 170 kenan, makullin ya zama cikin waɗanda hukumar ta amince da su, kowane tarko da sunanka ko lambarka a jiki, kuma ka duba shi aƙalla sau ɗaya cikin awa 36. Wiskonsin nasu ya yi kama da wannan amma su tun 1 ga Disamba suke farawa. Mishigan a filin mutum kawai aka yarda, ban da filin gwamnati, kuma awon birkinsu daban ne, ka ga wayar da ta dace da nan ba lallai ta dace da can ba. A jihar Niyok ba a yarda mai tarko ya kafa zarge wa koyoti ba. Masachuset da Kolorado tun 1996 jama'a suka kaɗa ƙuri'a aka hana yawancin irin tarkunan nan, Kalifoniya ta hana kama dabba don fata a 2019, Niyu Meziko kuma a 2021 ta yi dokar hana tarko a filayen gwamnati, dokar da aka sa wa sunan wata karya da zarge ya shaƙe a 2018 tana yawo da mai ita. Shagon da ke aika kaya ko'ina cikin ƙasa ya kamata a ce tun wajen oda ya tambaye ka jiharka. Ba su tambaye ni ba. Sa'a ce kawai da kuma na riga na yi kos ɗin na san awon da zan duba.

Don haka shawarata ta farko ga duk mai sha'awa, kos kafin kwali. A can za a sa ka kafa da hannunka a gaban mutanen da suka shekara suna yi, su gyara maka.

Wayoyin sun zo da ƙyalli da maiƙon masana'anta, ka taɓa ka ji santsi a yatsa, ka sansana ka ji warin inji. Takardar ta ce wai a shirye suke. Ba a shirye suke ba. Abin da masu sana'ar ke yi shi ne a tafasa su a ruwa da bekin soda, maiƙon ya taso sama a tsiyaye shi, a ɗauraye, sai ka ga wayar ta koma toka-toka ta daina ƙyalli, sannan a rataye su a waje iska ta buga su kwanaki, nesa da gareji da warin fetur. Wasu suna fesa musu ɗan fenti kalar busasshiyar ciyawa, amma fentin ya zama shafa ɗaya siririya, in ya yi kauri makullin ba zai gudu ba. Ni tafasawar kawai na yi ta wadatar. Bayan nan safar hannu mai tsabta kawai ke taɓa su, a ajiye su cikin bokiti mai murfi da ɗan ganyen wurin da za a kafa.

Wani abin da na yaba, wayar ta zo da horo. Wato an riga an goga ɓangaren da ke kusa da makulli a jikin rodi har ya ɗauki lanƙwasa, shi ya sa in ka buɗe zargen yake tsayawa zagaye sosai maimakon ya zube kamar ɗigon ruwa, kuma da an ɗan taɓa ƙasansa sai ya faɗo ya rufe da kansa. Wannan saurin yana da muhimmanci, don koyoti a guje-guje yake tafiya, in zargen ya yi nawa sai ya wuce wuya ya kama shi a ƙirji ko kwankwaso, kamun da ba shi da kyau ga dabbar ba shi da kyau ga fatar.

Kafawar kanta ba wuya. Ka soka wayar tallafi a ƙasa gefen hanyar da dabbar ke bi, ka tabbata ba ta rawa, ka zura bakinta cikin 'yar robar, ka buɗe zargen inci 10 zuwa 12, ƙasansa ya tashi daga ƙasa wajen inci 10 ko 12 shi ma, makullin yana sama ya ɗan karkata gefe. In dusar ƙanƙara ta sauka sai ka sake awo daga saman inda ƙafarsa za ta taka, ba daga ƙasar da ta binne ba. Wayoyin tallafin kwalin sun ɗan yi gajarta, a ƙasa mai laushi iska na kaɗa su zargen ya faɗi da kansa, dole na riƙa naɗa su a jikin wani guntun rodi. Ƙaramin abu ne amma yana cin lokaci da sanyin safiya hannu na rawa.

Wahalar tana wajen zaɓen wuri, kuma wannan babu kwalin da zai saka maka shi. Zarge ba ya kiran dabba, ba shi da wari ba shi da nama, jira kawai yake a kan hanyar da ita ta riga ta saba bi. To sai ka san hanyar. Dusar ƙanƙara ita ce babbar malama a nan, washegarin da ta sauka ka fita ka bi sawu. Sawun koyoti siriri ne mai ɗan tsawo, faratan gaba biyu a haɗe, kuma tafiyarsa a miƙe take layi ɗaya ƙafar baya na faɗawa inda ta gaba ta tashi, saɓanin kare da sawunsa ke da faɗi yana yawo hagu da dama. Kashinsa za ka gan shi a murɗe da gashi a ciki, sau da yawa a tsakiyar hanya ko mararraba yake ajiye shi. Wuraren da suka fi ba ni su ne inda turba ta ratsa doguwar ciyawa ta tsuke, da bakin gonar masara da aka girbe, da sawun tayar tarakta cikin ciyawa, don shi ma yana son hanya mai sauƙi. Kuma kar ka cika gyara wurin. Ɗan koyo yakan so ya tare gefe da gefe da itace don ya tilasta masa shiga, shi kuwa da ya ga an canza masa hanya sai ya tsaya ya kauce. Sili biyu uku na ciyawa sun isa su ɓoye siffar zargen, sai ɗan tsinke a ƙasansa da zai sa ya ɗaga haɓa. Ka shigo wurin ta gefe, kar ka tattake turbar, ka gama ka fita ta inda ka shigo.

Hoto ɗaya a takardar ya tayar min da hankali sosai: sun nuna zarge a rataye a ƙarƙashin shingen waya inda dabba ke kutsawa. E, a wasu jihohin yamma ana yin haka kuma yana kamu. Amma da tarko mai riƙewa wannan haramun ne a nan, kuma dalilin a fili yake. Duk sassaucin makullin nan ya dogara ne da dabbar ta iya daina ja. In ta tsallake shinge ta rataye, ko ta naɗe wayar a jikin ɗan itace har ta ƙare, makullin ba zai ƙara saki ba, shi kenan ya koma mai kisa, kisan ma na wahala. Shi ya sa ake koya maka ka kama ƙarshen wayar ka ja ta iya tsawonta ka zagaya turken, ka ƙara da tsawon jikin dabbar, duk abin da ke cikin da'irar nan in ya wuce ciyawa to ko ka sare shi ko ka canza wuri. A Wiskonsin har awo suka sa, itace mai saiwa da ya wuce rabin inci kauri bai halatta ya kasance a inda dabbar za ta kai ba. Saka wannan hoton cikin kwalin 'yan koyo ba tare da gargaɗi ba ganganci ne.

Turakun kuwa araha ba ta ado. Rodi ne gajere guda ɗaya ga kowane tarko. Koyoti ba ja kawai yake ba, tsalle yake sama yana fizga, a hankali a hankali yana zaro turken, kuma in rana ta ɗan fito ƙasar da ta daskare ta narke ta zama taɓo to da hannu ɗaya ma za ka cire shi. Na gwada ɗaya a irin ƙasar nan kafin in amince masa, fizga kaɗan ya fito. Dabba ta tsere da waya a wuya tana jan rodi cikin daji, wannan shi ne mafi munin abin da zai faru a sana'ar nan. Ko ka ƙara sayen rodi ka riƙa kafa biyu a giciye, ko ka sayi irin turken ƙasa da ake kora shi da sanda can ciki, in ka ja sai ya juya ya kwanta a giciye ba ya fitowa sai an tona. Na koma wannan na biyun, kuma ban ƙara fargaba ba. Kuɗinsa kaɗan ne, ban ga dalilin da ya hana su saka shi a kwalin ba.

Ranar da aka samu kamu mai kyau ga yadda wurin yake. Tun daga nesa za ka ga ciyawar ta kwanta ta yi da'ira, ƙanƙarar ta dagule da ƙasa, shi kuma yana kwance a can ƙarshen wayar kamar kare a turke, kunnuwa a kwance ido a kanka, numfashinsa na fita da tururi. Zargen na bayan kunnuwa daidai wuya, babu yanka babu kumburi, majuyin tsakiya ya yi aikinsa don wayar ba ta murɗe ta tsinke ba ko da yake ta lanƙwashe ta ko'ina kuma akwai alamar haƙori a jikinta. A nan ba a tsayawa ɗaukar bidiyo ko kiran abokai su zo kallo. Dabbar a tsorace take, haƙƙinta a kanka shi ne ka gama da sauri, ƙaramar bindiga mai lamba .22 harbi ɗaya a kai daga kusa, ka tabbata babu komai a bayansa. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya wannan ba to kar ya kafa tun farko, ba abin kunya ba ne.

Ita kuma doka ta ce awa 36, ni dai ina ganin kowace safiya ne daidai, da sassafe ma. Dabba ta kwana ɗaya a waya ya isa haka. Kuma yawan tarkon da za ka kafa ya zama iya wanda za ka iya zagayawa kafin ka tafi aiki ko da an yi ruwa ko ƙanƙara ta rufe hanya, in tafiya ta kama ka ka bi ka rufe su duka ka kwantar. Dozin ɗin nan ma ga ɗan koyo ya yi yawa a kafa lokaci guda, rabi ya isa.

Maganar karnuka ita ce ta sa na ce ko don makullin nan kwalin ya ci kuɗinsa. Wata safiya karen farautar wani maƙwabcin gonar na samu a ciki, ya bi sawun zomo ya ratso. Yana zaune abinsa yana kaɗa jela, da yake ya saba da igiya bai yi ta fizga ba, na rufa masa jaket a kai na tura makullin baya da yatsa na zare, ko ƙwarzane babu. Na kai shi gida na gaya wa mai shi inda tarkunan suke, aka rabu lafiya. Amma ba kullum ake samun mai sanyin hali haka ba, shi ya sa dole ka riƙe almakashin yanka waya na ainihi a aljihu, kuma babu shi a kwalin. Filaya ta gida ba ta yanka irin wannan wayar, taune ta kawai take tana baje silin. Ni Felco C7 nake riƙewa, ɗan Siwizalan ne, yana da ɗan tsada amma cizo ɗaya yake raba ta. Ka haɗa da sandar kamu mai zarge a baki don sakin dabbar da ba ita kake nema ba. Sannan tun kafin ka kafa ka nemi izinin mai fili, ka sanar da maƙwabta masu karnuka, ka nisanci hanyar da mutane ke yawo, a nan ma doka ta hana kafa tarko cikin yadi 150 daga gidan mutane sai da yardarsu. Haka nama a fili da za a hango daga sama an hana, saboda gaggafa da shaho.

In don kuɗin fata za ka shiga, ka sake lissafi. Shekarun baya fatar koyoti mai kyau ta yamma ta yi daraja saboda kwalar rigunan sanyi, amma babban kamfanin gwanjon fata na NAFA ya durƙushe a 2019, sannan kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose da ke cikin manyan masu saye ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba, daga nan farashi ya faɗi. Gwanjon Fur Harvesters da ke Ontariyo na nan yana ci, amma fatar gabas irin tamu mai kaushi ce, abin da za a ba ka sau da yawa ba zai biya man mota ba. Ga shi lokacin da aka buɗe mana tarkon waya ya zo daf da lokacin barbararsu, Janairu zuwa Maris, gashin ya fara gogewa a kafaɗa. Wasu kuma za ka same su da ƙazwa jela duk ta zube, waɗannan ba a ma fiɗe su. Kuma ko mai lafiya ne ka sa safar roba, suna ɗauke da tsutsar ciki da ke kama mutum. Jihar Yuta ce na san a 2012 ta fara biyan ladan dala 50 kan kowane koyotin da aka kashe, nan babu irin wannan daga jiha.

Ko ta fuskar kare tumakin ma kar a ɗora wa tarko abin da ba zai iya ba. Gwamnatin tarayya kanta tana kashe dubun dubatar koyoti duk shekara kuma ba su ragu ba, in ka cire na wuri wasu ke shigowa su maye gurbi, inda aka rage su kuma abinci ya yalwata sai 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru. Abin da na gani yana aiki shi ne ka cire waɗanda suka riga suka koyi cin rago kafin lokacin haihuwa, sauran aikin kuma na shingen lantarki ne da karen gadi da shigar da dabbobi garke da dare da kuma binne mushe da wuri. A gonar da na yi aiki ɓarnar ta ragu, amma a daidai lokacin aka gyara shingen, don haka ba zan ce duk tarkon ne ya yi ba.

Ta wajen mu'amala shagon ba laifi. Kaya sun iso cikin mako, an naɗe kowace waya daban ba su sarƙe ba. Farantan suna ne suka zo babu rubutu alhali na cike wajen a fom, na kira su wata mata ta ɗauka ta ba da haƙuri ta aiko da wasu kyauta, sai dai kafin su iso dole na zauna na buga lambata da ƙusa a kan waɗancan don ba a kafawa babu suna. Na kuma yi mata maganar hoton shingen, ta ce za ta isar, ina fatan su cire shi ko su rubuta gargaɗi da manyan haruffa.

Abu na ƙarshe da ba su faɗa ba, waya kamu ɗaya take yi. Da ta riƙe dabba ta lanƙwashe shi kenan, ko ka miƙar da ita ba za ta ƙara gudu daidai ba kuma wasu silin sun raunana a ciki, sai ka yanke makullin da majuyin ka ajiye, ƙugiyar kuma a sa sabuwa, sauran a kai bola kar a bar ta a daji. Saboda haka dozin ɗin zai ƙare da wuri fiye da yadda kake zato. Zagaye na gaba ba kwalin zan sake saya ba, wayoyin kaɗai zan yi oda dozin biyu irin waɗannan ɗin dai, da turakun ƙasa da sandar kora su, da wayar tallafi lamba 9 a naɗe in riƙa yanka tsawon da nake so da kaina.